Ƙararrawar Malam Barau

An ce wai a wani birni na Arewa an yi wani tsohon injiniya, Malam Barau, wanda aka naɗa alƙalin gasar ƙera mutum-mutumi ta 'yan sakandare. Abin da aka nema shi ne kowace makaranta ta ƙera na'urar da za ta ɗauki kwandon albasa ta kai ƙarshen fili ba tare da ta zubar ba. Doka kuwa ɗaya ce: da an buga ƙararrawa kowa ya ɗauke hannu, a kulle na'urori a ɗaki sai ranar gasa.

Aka buga, kowa ya ja da baya, ban da ɗaliban wata makaranta daga can bakin iyaka. Shugabarsu, Kuluwa, ta zo ta durƙusa, hannuwanta duk baƙin mai.

Ta ce, "Baba, ka dube mu. Motar da ta ɗauko mana kayan haɗi ta lalace a hanya, sai da kowa ya yi nisa muka fara. Ka ƙara mana ko yini ɗaya ne."

Kafin ya buɗe baki, Nafi'u, shugaban wata makarantar, ya ce, "Ranka ya daɗe, mu ma akwai abin da muka so sawa, muka haƙura saboda ƙararrawa. In aka ƙara musu, haƙurinmu ya zama wauta ke nan."

Malam Barau ya ce a ba shi zuwa la'asar. Ya zauna ya tashi, ya shiga ɗakin na'urori ya fito, ya sake komawa. Abincin da aka kawo masa ya huce a rufe. In ya tuna idon Kuluwa sai ya ga tsanani zalunci ne, in ya tuna maganar Nafi'u sai ya ga sassauci ma zalunci ne. A shigarsa ta ƙarshe ya tsuguna gaban na'urar su Kuluwa. Hannu uku gare ta, ga kyamara, ga fitila, har da lasifikar da za ta riƙa yin sallama, wayoyi na reto ko'ina, nauyi ya danne tayoyin. Amma ƙarƙashin wannan tarkace ya ga gangar jiki mai ƙwari da hannu ɗaya da aka gama tsaf.

Da la'asar ya tara yaran ya ce, "Doka ta hana ƙari bayan ƙararrawa, ba kuwa zan taɓa ta ba. Ko ƙusa ɗaya ba mai ƙarawa. Amma ban ga inda ta hana ragi ba. Ɗakin a buɗe yake ga kowace makaranta zuwa magariba. Mai so ya cire abin da ya ga dama, a kan idona."

Nafi'u ya ce ya yarda. Kuluwa kuwa hawaye suka kawo mata.

"Baba, kyamarar nan a kanta muka fi shan wahala."

Ya ce, "'Yata, kwando aka aike ki kaiwa."

Su Kuluwa suka duƙufa, suna gardama suna duban rana. Lasifika aka fara cirewa, fitila ta bi ta, sannan hannaye biyu. Kyamarar, Kuluwa da kanta ta kwance ta, ana kiran salla.

Ranar gasa na'urarsu ta ɗauki kwandon, ta yi ta tafiya a hankali har ta kai, ko albasa ɗaya ba ta faɗi ba. Su Nafi'u suka zo na ɗaya, su Kuluwa na uku.

Da ta zo godiya, Malam Barau ya tambaye ta, "Da na ba ku yinin nan, me za ku yi da shi?"

Ta sunkuyar da kai tana dariya. "Wallahi Baba, hannu na huɗu muka yi niyyar sawa."

Yalwar lokaci tana koya wa mai aiki ƙari, amma wa'adi ne ke nuna masa abin da ya kamata ya bari.