Muryarsa Ce Ta Ce Fim Ɗin Na Yara Ne

Jama'ar shafin nan, musamman iyaye, ku ɗan tsaya ku karanta.

Akwai wani mai fassara finafinan waje zuwa Hausa da ake wa laƙabi da Zaƙin Murya. Shekara tara yana aiki a situdiyon amininsa da suka taso layi ɗaya, wanda yake kira Babban Yaya. Situdiyon ɗan ƙaramin ɗaki ne mai soso a bango, da fanka da ake kashewa don kada ƙararta ta shiga aiki.

Iyaye sun yarda da shi, domin kafin fim ya fara, da bakinsa yake faɗin shekarun wanda ya dace ya kalla.

Wata rana Babban Yaya ya kawo sabon fim. Zaƙin Murya ya bincika, ya ce, "Yaya, wannan fa lambar shekarun kallo har iri uku gare shi. A ƙasar da aka yi shi sun ce shekara sha biyu, don su tsiraici bai dame su ba. Wata ƙasa ta ce sha biyar saboda sare-sare. Wata kuma sha takwas, don an nuna yadda ake haɗa ƙwaya. Wanne za mu bi?"

"Tarbiyyarmu za mu bi," in ji Babban Yaya. "Duk na yanke wuraren. Ga mai tsabta nan."

Zaƙin Murya ya kalla daga farko har ƙarshe, bai ga abin ƙi ba. Ya fassara, ya ɗora da cewa, "Iyaye, ku kwantar da hankali, wannan na kowa ne."

Bayan sati biyu sai ga yayarsa a situdiyo. Ko zama ba ta yi ba, ta miƙa masa wayarta.

Fim ɗin ne, kuma duk abin da aka ce an yanke yana ciki, da yarensu na asali. Ga kuma muryarsa a farko tana ba iyaye tabbaci.

"Na ji muryarka ne na kunna wa 'yan matana, na shiga kicin," in ji ta. "Na fito na tarar ƙaramar ta cusa fuska a matashi, babbar tana tambayata me ake ƙonawa a cokali. Ni da nake bugun ƙirji da kai a unguwa."

Zaƙin Murya ya mayar mata da wayar. Ya shiga wajen Babban Yaya.

"Yaya, me ya sa?"

"Mai tsabtan ba ya tafiya a kasuwa, ƙanena. Kuma ai ban yi ƙarya ba, a ƙasarsu sha biyu ne."

"A ƙasarsu. Amma muryata ka saka, ba tasu ba."

"Ka cika tsoro. Kwana biyu an manta."

Zaƙin Murya ya ɗauki jakarsa ya fita. Ranar ya yi bidiyo ya roƙi gafarar iyaye, ya ce su goge fim ɗin. Bai kama sunan kowa ba.

Ba a manta ba. Babban Yaya ya ɗauko wani mai fassara, amma iyaye suka juya wa situdiyon baya. Bayan wata huɗu ya zo har gida yana ba da haƙuri.

"Gaisuwa tana nan tsakaninmu, Yaya," in ji Zaƙin Murya. "Amma muryata ba zan sake ba ka ajiyarta ba. Yayata ma har yau sai ta fara kallon aikina kafin ta ba 'ya'yanta."

Darasi: Lambar shekarun da ke jikin fim ma'aunin ƙasar da ta rubuta ta ne, ba na gidanka ba, don haka ka fara kallo kafin ka miƙa wa yara. Wanda kuma ya ci amanar mai gaskiya don kasuwa, zai rasa kasuwar da aminin gaba ɗaya. Ku tura wa duk iyayen da kuka sani.