Sarki Mai Yatsa Shida

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta ƙaraso mu ji ta.

Wata tsohuwa ce mai zanen ƙwarya, ana ce da ita Cindo, don yatsa shida gare ta a hannun dama. In za ta zana mutum, hannunta take kallo, saboda haka duk mutanenta yatsa shida suke fitowa. Masu saye sun saba, dariya kawai suke yi.

To a garin nan ba a ƙona ƙwarya mai zane in ta fashe, wai rashin kunya ne ga mai aikin. Tsohuwar rijiya ake kai sakainar a jefa. Ashe akwai aljani a ciki, tun kaka da kakanni yana haɗiye sakaina, har zane ya cika masa ciki.

Akwai wani Jatau, malalacin gaske, ko layi bai iya ja ba, sai baki kamar zuma. Ran nan ya leƙa rijiya yana ƙunƙuni, wai da ma ya sami ƙwarya mai zanen zakara. Bai rufe baki ba sai ga ƙwarya ta taso, zakara a jiki kamar ya yi cara. Jatau ya faɗi zaune. Da ya dawo hayyacinsa ya kwashi ƙwarya sai fada, ya ce aikinsa ne. Sarki ya ba shi riga. Jatau ya koma rijiya ya ce giwa, ya sami saniya. Ya koma ya ce sarki bisa karaga, hannu a ɗage. Ko duba ta bai yi ba, ya kai, aka ba shi doki tun daga ƙofa.

Sarki na cikin murmushi sai ya tsaya cak. Ya ƙirga yatsun, ya sake ƙirgawa. Shida! Har mai fifita ya saki mafici. Sarki ya rantse hannun da ya yi masa wannan cin mutunci sai an sare shi.

Nan fa Jatau ya zube, ya ce wallahi shi magana kawai ya yi, aljanin rijiya ne. Aka ɗunguma bakin rijiya. Aljani ya ce shi ba shi da hannu balle wuƙa, abin da aka ciyar da shi yake amayarwa, hannun mutum kuwa a sakainar Cindo ya fi ganinsa.

Cindo tana tsakar gida tana gasa wuƙa dogarai suka yi awon gaba da ita. Da aka ɗora mata ƙwaryar a cinya sai ta ƙura mata ido. Zanen idon nan na marigayi Shekarau ne da ya koya mata aiki. Naɗin rawanin na wata Gwamma ce da ta rasu tun Cindo na budurwa. Hannun kuwa nata ne sak, alhali ba ta taɓa ganin ƙwaryar ba. Tsoro ya kama ta, baƙin ciki ya fi tsoron yawa. Ga Hauni, mai saran masu laifi, ya zare takobi.

Ta share hawaye ta ce, "Ranka ya daɗe, in aikina ne, to a fara ba ni rigata da saniyata da dokina, sa'an nan a sare."

Sarki ya ce wannan gaskiya ce, a kwaso kayan. Jatau na ganin an kama linzamin doki ya yi tsalle ya ce ai shi ya zaɓi kalmomin, aikinsa ne. Sarki ya ce to miƙo hannu. Jatau ya ce a'a, na tsohuwa ne. Aka ja doki. Ya ce nasa ne. Hauni ya matso. Ya ce ba nasa ba ne. Haka ya yi ta yi, kai ka ce kaza a kan igiya, mutane sun saki baki suna kallo.

Sarki ya gaji. Ya sa aka tuɓe wa Jatau riga a bainar jama'a, aka kore shi da bulala, aka tattara kayan aka ba Cindo. Ya ce a mayar da takobi kube, tun da ba hannun da ya riƙe wuƙa. Sa'an nan ya sassauta murya ya ce, "Iya, to kankare mini yatsan nan."

Cindo ta ce, "Zaki, wannan kam ba zan iya ba. Shekarau da Gwamma an haɗiye su ba wanda ya sani. Ni ma ba don yatsan nan ba, wa zai ce ina ciki?"

Sarki ya daɗe yana kallon hannunta. Sai ya karɓi ƙwaryar ya rataye a zaure da yatsunta shida.

Ku yara, abin da ba za ku iya amsa laifinsa ba, kada ku amshi yabonsa.

Ƙurunƙus, kan kusu a cikin sakaina.