Masallacin Kakan Nu'man

Akwai wani saurayi, Nu'man, da ya taso daga Zariya zuwa Illela da saƙon mahaifiyarsa, Hajiya Sharifa. Ta tsufa, tafiya ta gagare ta. Burinta ɗaya: a kai sababbin tabarmi masallacin da marigayi mahaifinta ya kafa a hanyar Araba, a nuna mata shi ko a waya ne.

Tun a mota Nu'man ya fara cika baki, irin cikar da ko ni sai na sara masa. Wai kakansa ne ya gina babban masallaci a yankin.

Da isarsa Illela ya shiga kasuwa, ya ratsa ta kara wajen shanu da raƙuma, ya wuce masu dabino da cuku daga Nijar. Ya zaɓi tabarmi masu kyau, har da lasifika ya ƙara.

Ya hau kabu-kabu, aka yi ta zagaye yana hangen hasumiya. Babu. Rana ta take, mai babur ya gaji ya sauke shi gindin wata tsamiya. Ya zauna kan wani dutse, ya buɗe tsirensa, yana tunanin abin da zai faɗa wa Hajiya.

Sai ga wani tsohon makiyayi, Jaɓɓo, riƙe da buta.

"Yaro, mi kaka biɗa?"

"Baba, masallacin kakana Malam Sahabi nake nema. Babba ne, ba irin na ƙauye ba."

Jaɓɓo ya kalli ƙafafunsa. "To, fara tuɓe takalma. Cikinai kake, kuma bisa wurin liman."

Nu'man ya zabura, tsire ya faɗi. Sai yanzu ya lura: duwatsu ne jere a ƙasa, an share tsakiyarsu fes, gabas an ɗan lanƙwasa.

"Kakanka yaj jera su don mu masu kiwo," in ji Jaɓɓo. "Tun ina yaro ba a fasa salla nan ba. Lasifikar ga kuwa, sai dai ka kira shanu."

Kunya ta kama shi. Ya shimfiɗa tabarmi, makiyaya suka taru aka yi azahar. Sannan ya kira Hajiya a bidiyo, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Umma, babu ko bango."

Ta daɗe tana kallo, tana share hawaye. "Wa ya ce maka akwai? Juyo min tsamiyar, Nu'man. A nan ya koya min Fatiha."

Darasi: Darajar wuri ba a tsayin gininsa take ba, tana ga goshin da ke taɓa ƙasarsa. Ka tura wa abokinka mai cika baki, kafin shi ma ya zauna wurin liman.