Kujera Ɗaya Bayan Sulhun Tungar Maje

Ku matso ku ji. Wannan ba ta dariya ba ce, kuma ba mai tashi sai kun yanke hukunci.

A Tungar Maje manoma da makiyaya suka yi rikici kan rijiya, har aka kashe ɗan wata tsohuwa, Iya Dije. Wata ƙungiyar raya karkara mai samun tallafi daga ƙasashen waje ta turo ma'aikatanta uku su sasanta: Barira, Tanimu da Ilu.

Barira ta san muddin Iya Dije ba ta yafe jinin ɗanta ba, babu namijin da zai ajiye makami. Sai ta tare a gidan makokin, tana daka, tana ɗebo ruwa, tana shan zagi, har ranar da tsohuwar ta ce, "Ke 'yar nan, kin ishe ni. Na yafe, don Allah, ba don ku ba." Barira tana can mijinta ya gaji da jira, ya sake ta.

Tanimu ɗan ruga ne. Manoma suka rantse ba za su zauna ba sai an faɗi wanda ya yi kisan. Shi ya faɗa a bainar jama'a, alhali mai kisan ɗan kawunsa ne. Tun ranar danginsa ba sa haɗa ƙwarya da shi.

Ilu kuwa ya ce sulhu ba ya ɗorewa da ƙishirwa. Ya jagoranci haƙa wata rijiyar a bakin burtali, ƙasa ta rufto masa. Ruwa ya samu, ƙafarsa ta tafi.

Aka raba goro, kowa ya koma harkarsa. Sai ga manyan ƙungiyar daga birni da fararen motoci, suka sha hotuna. Shugabansu ya ce, "Sannunku da ƙoƙari. Amma masu tallafi ba sa kallon inda ake zaman lafiya. Za mu rufe ofis. Mutum ɗaya a cikinku za mu ɗauka zuwa inda ake wani rikicin."

Barira ta matso gabansa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, wato da mun bar su suna kashe juna, da duk muna da aiki?"

Agogonsa ya duba.

To, jama'a, ga wadda ta rasa aure, ga wanda ya rasa dangi, ga wanda ya rasa ƙafa. Wa ya fi cancantar kujerar, su wa za a sallama?