Ƙarfen da Ba Ya Taɓa Komai

'Yan'uwa, tun da aka fara makarantar Lahadi a ƙasar nan ba a taɓa ci wa malami fuska kamar yadda aka ci mini makon jiya ba. A bakin ƙofar majami'a, a gaban jama'a, ina sanye da sabuwar rigata mai aiki a wuya, Mama Rifkatu ta tare ni ta ce, "Malam Irmiya, wai kai ba ka san wata halitta ba sai tunkiya? Kowace Lahadi tunkiya ta ɓata, tunkiya ta dawo. Mu har mun gaji a madadin tunkiyar." Ni fa! Ni da ake tasowa daga ƙauyuka don a ji bakina. Ranar ko tuwo na kasa ci, sai da aka sa mini man shanu. Na yafe mata, gama an umarce mu mu yafe, amma ina so a san na sha wuya. To, yau babu tunkiya. Mota na kawo muku, mu ga kuma abin da za a ce.

Akwai wani mutum manomi, wanda ubansa ya rasu ya bar masa tsohuwar mota mai bodin katako, irin ta zamanin da ake ta da inji da hannu, a yi ta juya ƙarfe a gaba har gumi ya karyo. Ta daɗe a gindin mangwaro, kaji suna ƙwai a kujerarta. A wata shekara masararsa ta yi kyau ƙwarai, gonar kuwa da nisa. Sai ya ce a ransa, "Zan ta da motar ubana, in kwaso amfanina gaba ɗaya kafin ruwan ƙarshe ya taɓa shi, mutanen gari kuma su gani."

Ya kira bakanike ya gyara injin. Bayan motar kuwa, ya ce shi da kansa zai duba. Ya shimfiɗa buhu, ya shiga ƙarƙashi, yana kiran kowane ƙarfe da sunansa. Ga aksul, dogon ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, da tumbinsa a tsakiya kamar tulu. Ga sifirin dama da hagu, fallayen ƙarfe a jere, dogo bisa gajere, bodin motar yana zaune a kansu. Ga lanƙwasassun ƙarafan da suka ɗaure sifirin da aksul. Duk ya gane su, ya ji daɗin kansa.

Sai ya ga wani abin da bai sani ba. A bisa kowane sifirin akwai waɗansu gajerun fallaye masu kauri, an ɗaure su ta tsakiya, bakunansu kuwa suna sake a iska. Can sama da su, a jikin motar, ga ɗan kunnen ƙarfe ya leƙo. Ya sa hannu tsakanin bakin fallen da kunnen, hannunsa ya wuce sarai. Ba su taɓa juna, ba su taɓa komai.

Ya tambayi maƙwabcinsa, ya ce wurin rataye guga ne. Ya tambayi wani, ya ce ai ado ne, masu ƙera motar ƙarfe ne ya yi musu yawa.

Matarsa ta ce, "Maigida, Baba ya yi shekaru yana tuƙa motar nan bai cire shi ba."

Ya ce, "Baba bai taɓa kwanciya ya duba kamar yadda na duba ba. Kowa a nan ƙasa yana ɗauke da wani abu, shi kaɗai ne ya miƙe ƙafa ana yawo da shi."

Ya kwance fallayen, ya kai wa maƙerin garin, wanda taubashinsa ne, gama kun sani babu ƙarfen da maƙera suke so kamar na sifirin.

Maƙerin ya ce, "Bawana, yau kuma me ka sato?"

"Wani malalaci na kawo maka. Ka mai da shi fartanya, ya san ana aiki a duniya."

Maƙerin ya juya fallen, ya shafa bakinsa da babban yatsa. Duk jikinsa tsatsa ce, amma bakin nan sumul yake, yana ƙyalli. Ya ce, "In ba ya taɓa komai, me ya goge masa baki haka?"

"Kai dai hura wutarka. Da ka san mota, da ba jaki kake hawa ba."

Maƙerin ya yi dariya, ya hura wuta. Aka sami fartanyoyi masu kyau.

Ranar kwasar masara motar ta tafi gona fayau, babu ko ƙara. Mutumin yana ɗaga wa jama'a hannu, yana ce wa matarsa, "Kin gani? Har sauƙi ta ƙara." Suka loda buhuna har suka wuce katako. Hadari kuwa ya fara haɗuwa a gabas.

Da suka kama hanyar gida, sai bayan motar ya yi ta sauka, yana sauka. A wani ɗan kwari ta yi tsalle sau ɗaya, aka ji ƙas! Sifirin hagu ya karye, bodin ya zauna a kan taya, motar ta tsaya cik.

Mutumin ya sauko yana faɗa. Ya zagi hanya, ya zagi bakanike, ya ce masu ƙera motar macuta ne. Matarsa kuwa sama take kallo. Ya shiga ƙarƙashi ta hannun dama, inda sifirin bai karye ba. Sai ga ɗan kunnen ƙarfen nan, nauyi ya sauko da shi daidai wurin da bakin gajeren fallen yake a dā. Yana neman abin da zai zauna a kai, babu. Ya shafa ƙasan kunnen, ya ji shi sumul.

Ya daɗe a kwance. Sa'an nan ya ce, "Uwargida, ba hanya ba ce. Ni ne."

Suka yi ta jidar buhuna a ka, maƙwabta suka taya su, amma ruwa ya riga su. Masara da yawa ta jiƙe, ta yi baƙi a rumbu. Kashegari ya kwashi fartanyoyin ya koma maƙera, ya ce a mayar masa da su yadda suke. Wannan karon maƙerin bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗan'uwa, na riga na sa su a wuta."

Ma'anar wannan misali ita ce, motar nan ikilisiya ce, gidanka ne kuma. Aksul da manyan sifirin su ne waɗanda kowa yake ganin aikinsu: masu wa'azi, mawaƙa, da malamai masu daɗin baki, ba sai na kama suna ba. Gajerun fallayen nan kuwa, su ne mutanen da idan ka dube su ranar da babu nauyi, sai ka ce ba su taɓa komai. Tsohon da yake zama a bencin baya, ba ya waƙa, wani lokaci ma gyangyaɗi yake yi. Matar da ba ta taɓa buɗe baki a taron zumunta ba. Gwaggon da take zaune a gidanka, har ka fara cewa ci kawai take yi. Wanda ya yi mu bai sa su a wurin don ado ba. Ya san akwai ranar kaya: ranar ciwo, ranar makoki, ranar da aure yake neman karyewa. Ran nan ne nauyi yake sauka, ya same su daidai inda aka ajiye su.

Manomin bai rasa shaida ba. An sa masa ita a hannu, ya ƙi shafawa. Ku ma kuna da ita. Wannan da kuke cewa ba ta yin komai, ku dubi takalminta, ku tambayi kanku wace hanya ce ta cinye shi haka. Ta asibiti ce, da ta gidajen da ku ba ku sami zarafin zuwa ba.

Kada ku auna kowa ranar da motar take tafiya fayau. Kada kuma ku sallami kowa da magana mai zafi, kuna cewa in an bukace shi a kira shi. Wanda kuka sa a wuta, ko ya yafe muku, da wuya ku same shi a wurinsa na dā ranar da hadari ya haɗu.