Tsohon da Ya Koyi Neman Ruwa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can da daɗewa, ana ce masa Baba Nomau. Baduku ne. Ya shekara hamsin yana ɗinkin fata, har hannunsa ya fara rawa, allura ta gagare shi. 'Ya'yansa suka ce, "Baba, ka huta haka nan. Ga inuwa, ga fura."

Ya ce, "Allah ya yi muku albarka. Amma hannu ne ya gaji, kunne bai gaji ba."

Ku saurara, jama'a. Ana nan sai wani mai haƙar rijiya, wai shi Sambo, sa'an ɗansa na fari, ya sauka a garin. Tsoho ya ɗauki sanda ya bi shi. "Malam, me ya sa ka tsaya a gindin gawon nan? Malam, me kake dubawa a ƙasar suri?" Malam fa yake kiransa! Mutane suna dariya, wai tsufa ya taɓa Nomau. Shi ko tambayarsa yake yi.

Bayan tafiyar Sambo da shekara uku, rijiyar gari ta ƙafe. Magidanta suka fara ɗaure kaya za su tashi. Baba Nomau ya nuna wuri, aka haƙa gaba goma sha biyu, sai dutse.

Mai unguwa ya ce, "Baba, ka wahalar da mutane ga ƙishi."

Abin ya yi masa ciwo, amma bai yi musu ba. Ya ce, "Gaskiya ne, ku yafe mini. Ashe ban gama koyo ba."

Ya ƙulle ƙasar ramin a tsumma, ya hau jaki, kwana biyu yana tafiya, har ya sami Sambo. Sambo ya murza ƙasar ya ce, "Baba, kun hau tudu. Ku gangara yamma, inda ƙasa ta yi baƙi."

Da ya dawo, mutum huɗu kaɗai suka yarda su sake haƙa. A gaba tara laka ta fito, sai ruwa. Tsoho ya zauna a bakin ramin yana hawaye, yana cewa, "Alhamdulillahi da Allah ya bar ni na ga wannan rana." Aka kwance kaya, ba wanda ya tashi.

To jama'a, tsufa ba ya hana koyo, girman kai ne ke hanawa. Kai dattijo da ke zaune nan, ke gyatuma, kada ku ce taku ta ƙare. Duk safiyar da Allah ya tashe ku, kyauta ce ya ba ku. Ku gode masa, ku fita ku tambayi abin da ba ku sani ba, ko da wajen sa'an ɗanku ne.