Mutumin da Ya Binne Ubansa da Baki

An yi wani mutum, matashi mai jini a jika, wanda ba zan kama sunansa ba, don ba tonon silili ya tara mu ba. Ubansa mai gyaran agogo ne. Ɗan akwatin gilashi gare shi a kan tebur, a barandar wani kanti, nan ya shekara talatin a sunkuye da gilashi manne a ido ɗaya. Matarsa ta rasu ta bar masa yara biyu, mace da ƙanenta, bai ƙara aure ba. Shi ne wanka, shi ne wanki, shi ne kai su makaranta a bayan keke. A kan teburin nan ɗan ya koyi kwance abu mitsitsi ba tare da hannunsa ya yi rawa ba.

Da ya girma sai ya tafi wani babban gari mai nisa, ya buɗe shagon gyaran waya. Allah ya sa wa hannun albarka. Shago ɗaya ya zama uku, ya ɗebi matasa ashirin yana koya musu sana'a kyauta. Da aka zo rushe rumfunan layinsu ba tare da sanarwa ba, shi ya tsaya a gaban motar rusau. Aka tsare shi kwana biyu, ya fito gwarzo. Ƙungiyar magoya bayansa ta kafu, manyan siyasa suka fara sallama a ƙofarsa. Zuwa nan, ya 'yan uwa, babu abin zargi. Wa zai ƙi ɗa irin wannan?

Wata rana aka gayyace shi hira a gidan rediyo. Mai gabatarwa ya tambaye shi, "Wa ya tsaya maka har ka kai haka?" Amsar tana kan harshensa. Amma ya dubi sauran baƙin, 'ya'yan wane da wane, sai teburin ubansa ya yi masa ƙanƙanta a zuciya. Ya ce, "Ba kowa. Ni ban san uwa ba, ban san uba ba. Titi ne ya raine ni."

Kafin a rufe shirin, waya ta yi ta shigowa, mata suna kuka, maza suna kabbara. Daga ranar aka sa masa suna Maraya. Aka buga shi a huluna da riguna. Duk taron da ya je sai an ce ya ba da labarin, shi kuma sai ya ƙara masa gishiri: yau a tasha ya kwana, gobe a ƙarƙashin gada. Har ta kai shi kansa idonsa na kawo ruwa in yana bayarwa.

Yayarsa ta kira shi. Ta ce, "Baba ya ji ka. Rediyon na kan teburinsa, abokan zamansa duk suna wurin." Ya ce, "Yaya, siyasa ce, ba za ki gane ba. Me ya ce?" Ta ce, "Cewa ya yi a ƙyale ka, abinci kake nema. Sai ya ci gaba da aikinsa. Amma ranar bai iya mayar da murfin agogo ko ɗaya ba."

Kuɗi yana aikawa, ban ce ba ya aikawa ba. Ƙafarsa ce ta ɗauke daga gida, don kada wani ya gan shi yana durƙusa wa wanda ya ce babu shi.

Bayan shekara biyu idon tsohon ya fara mutuwa. Yayar ta kawo shi asibiti a babban garin, da suka fito ya ce sai ya ga inda ɗansa yake aiki. Suka tarar ofis cike, 'yan jarida sun kafa kyamarori, don an tsayar da Maraya takara. Tsohon ya shigo yana laluben bango, da rigarsa ta fita unguwa da ya goge da kansa. Wani ɗan jarida ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan bawan Allah fa?"

Ya ku jama'a, a nan Allah ya buɗe masa ƙofar tuba har bango. Kalma biyu kawai ake nema: ubana ne. Ya dubi ubansa, ya dubi kyamara, ya ce, "Ɗaya ne daga cikin dattawan da muke kula da su."

Tsohon ya gyara tsayuwa ya ce, "Gaskiya ne. Yana kula da mu ƙwarai. Allah ya yi maka albarka, ranka ya daɗe." Ya kama hannun 'yarsa suka juya. Wallahi duk lokacin da na kawo nan, zuciyata karyewa take yi. Uba ya ce wa ɗan cikinsa ranka ya daɗe, don ya rufa masa asiri!

Saura kwana huɗu zaɓe yayar ta sake kira. Ta ce, "Jikin Baba ya yi tsanani. Sunanka yake ta kira, na gida, ba na hula ba. Ka zo." Ya ce da an gama zaɓe zai taho, wallahi zai taho, har zai kwana bakwai. Wa ya ba shi takardar cewa akwai kwana huɗun?

Washegari da hantsi yana cikin mota, ana tafiya taro, direba ya kunna rediyo. Aka shiga sanarwar rasuwa. Ya ji sunan ubansa, da sana'arsa, da unguwarsu. Sai mai karatu ya ce, "Ya rasu ya bar 'ya ɗaya da jikoki uku."

Ya kira yayarsa. Ya ce, "Yaya, ni fa? Ni ba ɗansa ba ne?" Ta ce, "Wasiyyarsa ce. Ya ce kada a sa sunanka, kada a ɓata maka zaɓe." Mutum huɗu ne tare da shi a motar, kuma bai isa ya yi kuka a gabansu ba. Ina za a ce Maraya ya samo uban da zai mutu yau? Haka ya hau dandamali, aka ce ya ba da labarin nan, ya bayar.

Tsohon ya rufa masa asiri, amma abokan zamansa na baranda ba su yi wannan alkawari ba. Su suka wanke shi, su suka ɗauke shi, suna ta duban hanya ba su ga ɗa ba. Suka yi magana, maganar ta zaga ko'ina kafin ranar zaɓe. Waɗanda suka yi masa kuka su suka fi kowa tsine masa. Ya faɗi zaɓe, manyan suka daina ɗaukar wayarsa, iyaye suka janye 'ya'yansu daga shagonsa, suna cewa wanda ya ƙi ubansa me zai koya wa ɗan wani. Shaguna uku suka rufe ɗaya bayan ɗaya.

Sai a lokacin ya koma gida. Ya shimfiɗa tabarma a ƙofa ya zauna karɓar gaisuwa. Mutane suka riƙa wuce shi suna shiga su yi wa yayarsa ta'aziyya. Da yamma ta fito ta zauna kusa da shi. Ya ce, "Ya yafe mini?" Ta ce, "Ya yafe tun a ofishinka. Kai yake jira ya faɗa wa da bakinsa."

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai yi sata ba, bai zub da jini ba, alherinsa ga talakawa kuma gaskiya ne. Ƙarya ɗaya ya yi don a tafa masa, ya kasa janye ta, har ta tsaya tsakaninsa da gawar ubansa. Allah da ya umarce mu da bauta masa, shi ya umarce mu da kyautata wa iyaye, kuma kyautatawa ba aike ba ce kawai. Wanda nasa ke raye, ya je yau, ya durƙusa, ya nuna su ga duniya ya ce waɗannan ne suka haife ni, ko da tsumma ne a jikinsu.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu. Allah ya kiyaye mu da jin kunyar waɗanda ba su taɓa jin kunyarmu ba. Amin.